Tsohuwar Mota: Duba Kafin Ka Biya



Yau zancen mota na kawo muku. Na san wani zai ce, "Ni da ko amalanke ba ni da ita, ina ruwana da mota?" To ɗan'uwa, tsaya ka ji. In kai ba ka saya ba, ɗanka da ke ci-rani a Legas ko Libiya zai komo da kuɗi ya ce mota yake so. Ko ƙanenka ya ce a sayar da shanun gida a sayi motar kasuwa. Ran nan kai za a nema shawara, tun da kai ne ka iya karatu. Kuɗin da za a zuba kuwa gumin shekara da shekaru ne. In suka faɗa rami, gida duka zai ji a jika.

Ni na yi shekara bakwai ina karen mota, kana na kama tuƙi. Na ci kasuwanni daga Korgom har Urafan, daga Maijirgi har Kanan Bakashe. Abin da na koya a ƙarƙashin mota shi zan ba ka.

Tsohuwar motar da ta fi sabuwa tsada

Bari in fara da abin mamaki. A ƙasashen Turai akwai attajirai masu tara tsofaffin motocin tsere, kamar yadda sarakunanmu ke tara dawaki na asali. Motoci ne ƙanana masu gudun tsiya, mazaunin mutum biyu kawai.

A watan Mayu na shekarar 2022 aka yi gwanjon wata irinsu a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus. Sunanta Mercedes-Benz 300 SLR. An ƙera ta a shekarar 1955, tun Nijar ba ta samu ƴancin kai ba. Irinta mai rufi guda 2 rak aka yi. An saye ta Yuro miliyan 135. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. Ke nan kuɗinta ya haura sefa miliyar 88. In mun ce buhun gero jika 25 ne, kuɗin nan ya sayi buhu fiye da miliyan 3 da rabi. Mota ɗaya fa!

Akwai wata ta ƙasar Italiya, Ferrari 250 GTO. Guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. A shekarar 2018 an sayar da ɗaya a gwanjo a Amurka, dalar Amurka miliyan 48 da ɗoriya.

Kana tsammani mai biyan irin wannan kuɗi fenti yake kallo? Ko kusa. Masana yake ɗauka. Su shiga ƙarƙashinta da fitila, su nemi tsatsa da tabon walda. Su karanta lambar da ke jikin shasi da wadda ke jikin inji, su gwada su da littafin masana'anta. Su bi takardunta ɗaya bayan ɗaya, su san hannun wa da wa ta bi tun ranar da ta fito. In suka tarar inji ba nata na asali ba ne, kuɗinta ya faɗi warwas.

Ka ga, abin da attajirin Turai ke dubawa shi ne kai ma za ka duba a tashar Tasawa: ƙashin mota, injinta, da takardunta. Wuri ɗaya kuka rabu. Shi yana biyan kuɗi don irinta ba ta da yawa a duniya. Ajiye ta zai yi a ɗaki, ya lulluɓe ta da mayafi. Kai kuwa aiki za ta yi maka. Saboda haka wadda irinta ta cika gari ita ce taka. Riƙe wannan da kyau.

Mu ma muna da tamu

Kada ka ce zancen motar tsere na Turawa ne kaɗai. Wannan Peugeot da muke kira Fijo, wadda iyayenmu suka hau zuwa Maraɗi da Damagaram, ƴar tsere ce ta asali. Peugeot 404 ta fito a 1960. Ta ci babban tseren Safari na Gabashin Afirka har sau 4: a 1963, 1966, 1967 da 1968. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. Ta ci tseren nan a Kenya a 1975. A 1978 wata 504 mai ƙofa biyu da babban inji ta sake cinye shi. Irin wannan mai ƙofa biyu yau masu tara tsofaffin motoci a Faransa suna nemanta.

A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan tuƙo tsofaffin Fijo su keto hamada ta Aljeriya, su biyo ta Arlit da Agadas, su sayar a ƙasarmu, su hau jirgi su koma gida. A 1975 kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, ta yi kusan shekara 30 tana fitar da 504. Shi ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwannin ƙasar Hausa. Kowane makanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Motar da na yi wa karen mota 404 ce mai buɗaɗɗen baya, wadda muke ce wa bashe. Fentinta ya koɗe. Ƙofar hagu da igiya muke ɗaure ta. Amma shasinta lafiya lau, injinta ba ya shan mai. In wani abu ya karye a kasuwar ƙauye, kafin la'asar an samo madadinsa. Gida uku take ciyarwa.

Jar motar Gulbin Kaba

Ga kuma kishiyar wannan. A wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, wani saurayi ya komo daga ci-rani da ƴan kuɗinsa. Ya ƙetara iyaka, ya ga wata jar mota mai ƙofa biyu, tana walƙiya, cikinta kusa da ƙasa. Dillali ya ce masa irinta ba ta wuce uku ba a ƙasar nan duka. Wannan magana ita ya kamata ta kore shi, sai ita ta ja shi. Kuɗinsa ba su kai ba. Tsohonsa ya sayar da shanun huɗa biyu ya cika masa.

Bisa kwalta ta yi gudu kamar iska. Da aka sauka kwalta aka shiga rairayi, sai cikinta ya zauna bisa tudun tsakiyar hanya, tayoyi na juyawa a banza. Shanun maƙwabta suka ja ta zuwa gari. Ba a yi wata biyu ba famfon ruwanta ya lalace. An nema a Tasawa babu, an nema a Maraɗi babu, an aika Kano shiru.

Sai suka ce a sayar, aka kira ni in duba. Na karanta lambar da ke takarda, na karanta ta jikin ƙarfe. Lamba biyu sun saɓa. Takardar wata mota ce daban. Wa zai sayi rigima da kuɗinsa? Daminar nan tsohon da hannu ya yi noma, rabin gonarsa ya kwana. Motar kuwa kaji suka samu wurin ƙwai.

Ba wauta ta yi wa yaron nan yawa ba. Cinikin biri a sama ya yi. To, ga yadda ake sauko da birin ƙasa a duba shi.

Na farko: ƙashin mota

In za ka sayi sa, ba ƙahonsa kake kallo ba. Bakinsa kake buɗewa ka ga haƙora, ka taɓa ƙafafu, ka sa a ja shi ya yi tafiya. Mota ma haka ne. Shasi shi ne ƙashin bayanta. Inji in ya mutu ana sake wani. Shasi in ya ruɓe ko ya karye, mota ta gama yawo.

Je ka da rana tsaka, kada ka duba mota da dare ko da magariba. Shimfiɗa buhu ka kwanta ƙarƙashinta da tocila. Riƙe ƙusa babba, kana caka ƙarfen. In ya yi ƙara tsaf, lafiya. In ƙusa ta shige, ko ƙarfe ya zubo kamar ɓawon itace, tsatsa ta cinye shi. Ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar direba ka duba. Duba inda sifirin ya kama jikin shasi. In ka ga sabon baƙin fenti a wuri ɗaya, tambayi abin da aka rufe.

Me ke kawo tsatsa, ga ƙasarmu busasshiya? Yawancin motocin hannu daga Turai suka fito. Can da sanyi ƙanƙara kan rufe hanya, sai su watsa gishiri don ta narke. Gishirin nan shi ke cin cikin mota. Wadda kuma ta daɗe a bakin teku, kamar Kwatano ko Lome ko Legas, iskar teku ta taɓa ta.

Nemi mayen ƙarfe, irin na cikin tsohuwar rediyo. Naɗe shi a tsumma kana bin jikin motar da shi. Inda ƙarfe ne zai kama. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da mastik an shafe da fenti, alamar ta taɓa yin karo. Buɗe ƙofofi duka ka rufe. Ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa tana ba ka labari.

Na biyu: inji

Ka ce wa mai mota da sassafe za ka zo, kada a tayar da ita kafin ka iso. In ka zo, buɗe murfin gaba ka ɗora hannu bisa inji. In da ɗumi, an riga ka. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. In ya yi zafi sai ya ɓoye.

Tun ba a tayar ba, zaro sandar awon baƙin mai. In man ya yi baƙi, ba laifi, tsufa ne. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, gyara mai tsada na jiran ka. Murza man tsakanin yatsu biyu. In ya yi kauri kamar zuma, wataƙila an zuba shi don ya rufe ƙarar inji. Buɗe lagireto ka leƙa, amma sai inji na sanyi. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, ruwan zai ƙone maka fuska. In ka ga mai na yawo bisa ruwan, wannan ma ciwo ne.

Sa'an nan a tayar. Kai ka tsaya baya wajen salansa ka kalli hayaƙi. Shuɗin hayaƙi, inji na ƙona baƙin mai, ya gaji. Farin hayaƙi mai yawa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa na shiga inda wuta take. Baƙin hayaƙi, tana shan mai fiye da kima, ko matatar iska ta toshe da ƙura. Baƙin ya fi sauƙin magani. Shuɗi da fari su ne masu cin kuɗi.

Kasa kunne kuma. In kana jin ƙwanƙwasa daga can ƙasan inji, kamar ana daka a gidan maƙwabta, yi sallama ka tafi.

Na uku: gwaji bisa hanya

Kada ka yarda da zagaye ɗaya cikin tasha. Hanyar kwalta da ta ratsa Tasawa ba ita ce hanyar garinku ba. Ɗora mata kaya, ku hau kwalta, kana ku sauka ku shiga rairayi da gargada. Nan za ka ga ko cikinta na taɓa ƙasa, ko tana zafi in ta sha wuya.

Sa direban da ka yarda da shi ya tuƙa. Ya shiga kowace giya, har ta baya. Giyar da ke fita da kanta ta lalace. A wuri mai faɗi inda ba mutane, ya taka birki da ƙarfi. In ta ja gefe ɗaya, da gyara. Ga gwajin kuloci: a tsaye, a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci sannu. Inji mai kuloci lafiyayye mutuwa zai yi nan take. In ya ci gaba da kuka, kuloci ya cinye.

Kai kuma hau babur ka bi ta a baya. In tana tafiya a karkace kamar kare, shasi ya tanƙware. In kun tsaya, bar ta minti goma bisa ƙasa mai tsabta, kana a matsar da ita. Abin da ya ɗiga zai nuna kansa.

Na huɗu: lambobi da takardu

Nan ne karatunka zai biya ka. Wanda bai iya karatu ba, sai abin da dillali ya faɗa masa. Kai kuwa da idonka za ka gani.

Kowace mota tana da lambar shasi, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsansa. An buga ta a jikin ƙarfe, an kuma sa ta a wani ɗan faranti, galibi kusa da inji. Motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, yawancinsu haruffa da lambobi 17 ne. Ba a sa harafin I, ko O, ko Q a ciki, don kada su rikice da 1 da 0. Na kafin 1981 lambarsu takan fi gajarta. Goge wurin da tsumma. Kwafe lambar a littafinka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sa'an nan ka gwada ta da wadda ke cikin katin mota, wanda ake kira kart giriz. Ko ɗaya ta saɓa, fasa. In ka ga alamar an kankare wurin, ko an yi walda kewaye da shi, fasa.

Karanta sunan da ke cikin katin. Shi ne mai sayar maka? In ba shi ba ne, ina takardar da ta nuna shi ya saya? Nemi takardar duwan, musamman ga motar da ta shigo daga Nijeriya ko Libiya. Motar da ba a biya mata duwan ba bashi ce, kuma kai za ka gaje shi. Duba asirans da takardar bizit, ka karanta ranar da za su ƙare. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kai lambar wurin jandarma ko ƴan sanda su duba ko ta sata ce. Mai gaskiya ba zai ƙi raka ka ba.

Taya ma tana da ranar haihuwa. Tun shekarar 2000, a gefen taya akwai lambobi 4 a jere cikin ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba, zafin watan Afrilu na iya fasa ta.

Mitar da ke ƙirga kilomita kuwa, kada ka ba ta amana. Ana iya mai da ita baya. Ta tsofaffin motoci mai gida biyar, in ta kai 99999 sai ta koma sifiri da kanta. Dubi robar birki da ta kuloci, dubi sitiyari da kujerar direba. In sun suɗe amma mita ta ce yarinya ce, mita ke ƙarya.

Na biyar: lissafi

Kuɗin mota ba shi ne wanda mai ita ya faɗa ba. Kuɗinta shi ne abin da za ka kashe kafin ta fara kawo maka dala ɗaya. Kafin ka taya, zaga wurin masu sayar da kayan gyara a Tasawa ko Mayahi. Tambaye su famfon ruwa na irin wannan mota, da kuloci, da gilashin gaba. In suka miƙo maka nan take, madalla. In suka ce sai an aika Kano ko Yamai, yi tunani. In suka ce ba su taɓa jin sunanta ba, ka samu amsa.

Sai ka ɗauki alƙalami. Ga misali. Mu ce an yi maka kuɗinta miliyan 1 da jika 500. Makanike ya ce taya huɗu jika 160, batir jika 50, kuloci jika 70, gyaran birki jika 40. Takardu kuma jika 180. Tara su: jika 500. Ashe motar miliyan 2 ce. Yanzu tambayi kanka: da miliyan 2, ba zan samu wadda ta fi ta ba? In ka ga har yanzu ita ce, nuna wa mai ita lissafin, ku yi ciniki a kansa. Mai takarda a hannu ba a yi masa romon baka.

Kada ka zuba kuɗinka duka. Rage na gyaran farko da na mai. Kada a sayar da shanun huɗa ko hatsin da gida zai ci. Kuma makaniken da zai duba maka, kai ka zo da shi, kai ka biya shi. Dillali la'adarsa yake nema, sai an yi ciniki yake ci. Ba maƙiyinka ba ne, amma ba idonka ba ne.

In an daidaita, a rubuta takardar ciniki. A sa sunanka da na mai sayarwa, da lambar shasi, da kuɗin da aka biya, da kwanan wata. Shaidu biyu su sa hannu. A kai ma'aikatar magajin gari ko wurin ƴan sanda a buga hatimi. Kana ka hanzarta mai da katin mota da sunanka.

In mai mota ya ce maka, "Yi sauri, wani na zuwa da kuɗi yanzu," ce masa Allah ya ba mai rabo. Motoci ba su ƙare a duniya ba. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, nagari kuwa ba ya tsoron a duba shi.

Saboda haka ɗan'uwa, ranar da za a je ganin mota, sa abu biyar a aljihu: tocila, ƙusa, mayen ƙarfe, alƙalami da littafinka. Karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ajin karatu ba wannan shafi, don su ma su tsira da dukiyarsu.

Allah ya tsare mu da asara, ya sa albarka cikin abin da muka nema da guminmu. Amin.